Taki a ƙarshen Agusta? Damina ba ta jiran Mai Girma

To, an tashi daga biki. An kwashe rumfuna, maroƙa sun karɓi nasu, 'yan soshiyal midiya sun koma gida suna zaɓen hoton da Mai Girma ya fi kyau a ciki. Duk kun ga bidiyon bikin rabon takin, ba sai na sake ɗora shi ba. Ba zan kuma ambaci jiha ko ƙaramar hukuma ba, don kada a ce da wane nake, alhali in ka cire hular wannan ka sa ta wancan, bidiyon bai canza ba. Tireloli a jere, buhuna an manna musu hoton mutum, an kwaso dattawa daga ƙauyuka an zaunar da su tun hantsi har la'asar, wai ana "ƙaddamar da rabon takin damina ga ƙananan manoma". A makon ƙarshe na Agusta. Jama'a, Agusta fa!

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya. Allah ya saka masa da ya tuna da mu kafin a kai amfanin gona gida.

Ga wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, bari in gaya masa abin da ke gona yau. Masarar da aka shuka farkon Yuni ta yi goyo tuni, gemunta ya fara bushewa, har ana gasa ta a bakin titi. Gero ya fitar da kai, ya yi bununi, yara sun fara leƙen tumu. Masara kuwa tana son takin kamfa, wato NPK, ne cikin mako biyun farko bayan shuka, sannan a bi ta da yuriya wajen mako na biyar zuwa na shida, kafin ta fitar da kai. Wannan ba ilimin boko mai zurfi ba ne. Malaman cibiyar binciken aikin gona ta Samaru sun shekara da shekaru suna faɗa a rediyo, kuma tsohon da ke ƙauye ya san shi tun kafin a haifi malaman. In wannan lokaci ya wuce, ya wuce. Ko buhu goma ka juye mata, zangarniyar da ta fito a tsamure ba za ta koma ta yi ƙiba ba. Kawo taki yanzu daidai yake da kawo ragon suna ranar da ake yaye yaro.

Damina ba ta jiran Mai Girma. Ba ta jiran ya dawo daga Abuja, ba ta jiran ya dawo daga Umara, ba ta jiran kwamiti ya zauna, ba ta jiran a buga hotonsa a jikin buhu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zai ce damina ta zo masa ba-zata. Ambaliya takan yi ba-zata, fari ma haka, amma faɗuwar damina? Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda gwamnati ce ke biyanta albashi, kowace shekara tun farkonta take fitar da hasashen lokacin da ruwa zai sauka a kowane yanki da lokacin da zai ɗauke. Ana shirya taro a Abuja, ministoci su halarta, a tafa. Ke nan tun watan Fabarairu an san ranar tafiya. Sai a zauna, a bar Maris ya wuce, Afrilu ya wuce, Mayu ya wuce, manomi ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, sannan a fara neman goran da za a fafe.

Kuma kada wani ya ce mini ƙasar ce ba ta da taki. Kamfanin Indorama yana sarrafa yuriya a Eleme kusa da Fatakwal. Masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a Maris 2022, an gina ta ne don ta fitar da tan miliyan 3 a shekara. Yuriyar da ake yi a Najeriya jirgin ruwa ke ɗauka ya kai Barazil, ta isa gonakinsu a kan kari. Daga Fatakwal zuwa Barazil ana cika alkawarin lokaci, amma daga Fatakwal zuwa ƙauyenmu sai a yi wata huɗu a hanya. A Maris 2024 Babban Bankin Najeriya ya miƙa wa ma'aikatar gona ta tarayya buhun taki miliyan 2.15, aka ce darajarsa ta haura naira biliyan 100. Maris fa, lokaci mai kyau. Sai a Yuli muka fara jin maganar tura tireloli jihohi. Daga jiha kuma sai an kafa kwamiti, daga kwamiti sai ƙaramar hukuma, daga can sai mazaɓa, daga mazaɓa sai gidan shugaban jam'iyya.

Ni fa na daina yarda cewa sakaci ne. Sakaci sau ɗaya ake yinsa, ko sau biyu. Abin da ake maimaitawa kowace shekara, gwamnati bayan gwamnati, akwai mai cin moriyarsa. Ku duba da kyau. Takin da ya iso a Mayu gona zai tafi kai tsaye, manomi ba zai sayar da shi ba ko da za a ninka masa kuɗi, don yana ganin shukarsa da idonsa. Takin da ya iso a ƙarshen Agusta ba shi da gonar zuwa. A bakin sakatariya za ka tarar da dillalai da motocinsu, mutum ya karɓi buhu ya taka ƙafa goma ya sayar a rabin kuɗi, ya sayi tiyar masara ya kai gida, domin Agusta ce, rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba. Dillali ya tara, ya kai sito, ya jira Nuwamba 'yan noman rani su zo su saya da tsada. Wani lokacin ma shi dillalin yaron wanda aka ba kwangilar ne. Taki ya fita ta ƙofar gaba ya dawo ta ƙofar baya, an rubuta a takarda cewa manoma dubu kaza sun amfana. Ɗan kwangila ya ci, kwamiti ya ci, dillali ya ci, Mai Girma ya sami hoto. Gona kaɗai ce ba ta ɗanɗana komai ba.

Shi kuwa manomin, tun Yuni ya riga ya ɗaure kansa. A wajenmu, wanda ba shi da kuɗin taki wurin ɗan kasuwa yake zuwa ya karɓi buhu bashi, a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi, kuma kowa ya san yadda ake lissafin nan, ba a taɓa yinsa don manomi ya tsira da wani abu ba. Wani ya sayar da akuyar matarsa. Wani ya jinginar da rabin gonar don ya noma rabin. Wani ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani. Duk wannan ya faru ne a makonnin da takin gwamnati ke kwance a sito yana jiran ranar da jadawalin Mai Girma zai ba da dama.

Na ga masu cewa, "Malam, da babu gara ba daɗi." Ku riƙe karin maganarku. Wannan taki ba daga aljihun kowa ya fito ba, kuɗin jama'a ne, kuma an biya shi cif-cif kamar wanda zai zo a kan lokaci. Wasu kuma sun ce ai za a yi noman rani da shi. Madalla. Mutum nawa ne cikin dattawan da aka zaunar a rana suke da fadama? Nawa ne suke da injin ban-ruwa, da kuɗin fetur ɗin da za su zuba masa tun bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai? Wanda ke Kura ko Kadawa, inda ruwan Tiga ke bi ta kwalbati har bakin gonarsa, shi ne zai yi wannan magana. Mutumin tudu gonarsa sau ɗaya take haihuwa a shekara. Masu cewa ni ɗan adawa ne kuma, ku koma baya a shafin nan ku ga abin da na rubuta lokacin da naku ba su kan mulki. Ba zan tsaya a kanku ba.

Akwai kuma waɗanda da an yi maganar tallafi sai su ce ai manoma ne ba su da amana, an ba su bashin Anchor Borrowers sun cinye. Wannan ita ce maganar da zan ɗan zauna a kanta, don an daɗe ana jifan talaka da ita. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin nan a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015. Tsarin a takarda ba shi da laifi: Babban Banki ya ba da kuɗi, a ba manomi iri da taki da maganin feshi, ya noma, ya biya da shinkafa ko masara a hannun babban kamfanin da aka haɗa shi da shi. Zuwa farkon 2023 an fitar da sama da naira tiriliyan 1. Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya, Babban Banki ya musa ya ce ya kai kashi 52. Ko wanne ka ɗauka, kuɗi masu yawa sun salwanta. To amma a hannun wa? Duk wanda ya zauna a Arewa a shekarun nan ya san irin mutanen da suka zama manoma dare ɗaya. Ma'aikacin ofis, ɗan acaɓa, ɗan siyasar unguwa, mai shagon caji, duk wanda ke da lambar BVN kuma ya san shugaban ƙungiya. An yi ƙungiyoyin da ofishinsu jakar hannun sakatare ce. Wasu ma an faɗa musu a kunne cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba mai tambayarsu. Manoman gaske da suka samu shiga kuwa, da yawansu kukansu ɗaya ne: kaya sun zo a makare. An kawo iri bayan an gama shuka, an kawo injin ban-ruwa bayan rani ya raba, amma bashi yana nan a rubuce da sunanka ba ragi. Wasu ambaliya ta cinye gonakinsu a 2020 da 2022, inshorar da aka ce an cire musu kuɗinta ba su san ƙofar da ake bi a karɓa ba. Sai ga shi a Janairu 2022 an tara dalar shinkafa a Abuja, an yi hoto, duniya ta gani. Ita ma dalar an san ranar da za a buɗe ta, kuma ba a makara ba ko da awa ɗaya.

Ban ce babu manomin da ya ci bashi ya ƙi biya ba. Akwai, kuma ya ji tsoron Allah. Amma wanda ya kawo maka iri a watan Agusta ba shi da bakin tambayarka ina shinkafa.

Kuma an taɓa gwada abin da ya fi wannan. Zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, daga 2012, an yi rajistar manoma sama da miliyan 10, ana turo wa mutum saƙo a wayarsa ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Yana da nasa ramukan, babu sabis a ƙauye, sunaye sun ɓace, gwamnati ta riƙe wa diloli kuɗinsu har wasu suka karye. Amma aƙalla babu rumfa, babu maroƙi, babu durƙuso gaban kansila. Bayan nan an yi yarjejeniyar taki da Maroko a Disamba 2016, aka farfaɗo da masana'antun haɗa taki, buhun kamfa ya tsaya a naira 5,500 na wani lokaci, kuma a kasuwa kake zuwa ka saya ranar da kake so. Ni a ganina wannan ya fi duk wani rabon kyauta, domin manomi ne ke zaɓar rana. Amma irin wannan tallafi ba a yanka masa kyalle, ba a manna masa hoto, shi ya sa ba ya daɗewa. Tun daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shagari a 1980, kowane shugaba sai ya zo da sabon suna da sabon tambari, ya binne na wanda ya gada.

Makiyaya kuwa, su ko bikin ma ba a cika gayyatarsu ba. Bafulatani yana da tasa daminar, wato bazara. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ciyawa ta ƙare, tafkuna suka ƙafe, harawa da kowar wake da dusa suka yi tsadar da ba ta da kai, saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, a lokacin ne yake buƙatar hannu. A lokacin ne yake sayar da saniya a wulaƙance don ya ciyar da saura. A lokacin ne yake kora dabbobi kudu neman ruwa, ya faɗa inda ake rigima. Duk mai son rage faɗan manoma da makiyaya, rijiyar burtsatse da abincin dabbobi a watan Maris sun fi masa taron sulhu ɗari a watan Oktoba. Rigakafin ciwon huhun shanu shi ma da lokacinsa, ba sai cuta ta shiga garke ake neman allura ba. Iyayenmu suna ba da labarin yadda aka yi yaƙi da cutar shanu ta bushiya tun shekarun 1960, malaman dabbobi suna bin ruga-ruga da allura suna yi wa saniya alama a kunne, har duniya ta wayi gari a 2011 aka ce cutar ta ƙare kwata-kwata. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana nan tana haɗa alluran rigakafi. Ke nan mun san yadda ake yi. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take. An ce akwai wuraren kiwo sama da 400, amma mafi yawansu ba a taɓa tabbatar da su a doka ba, manya sun yanke su sun zama gonakinsu, burtali ya zama fegi. An kawo shirin RUGA na tsugunar da makiyaya a 2019, aka yi ca, aka janye cikin 'yan makonni. A Yuli 2024 an ƙirƙiro ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya. Ina yi mata fatan alheri da zuciya ɗaya. Ranar da na ga tirelar dusa a mashaya a watan Maris, ni zan fara fitowa in yaba.

Matan karkara da ake raba wa awaki kuma, a daure a riƙa yi wa awakin rigakafi kafin a ɗora su a mota. Ba sau ɗaya ba an kai wa mace akuya mai mura da zawo, ta mutu, ta tafi da biyun da aka tarar a gidan.

Bari in ajiye zolaya in yi magana tsakani da Allah. Mutanen nan ba mabarata ba ne. Tsohon da aka sa ya cire hula ya durƙusa ya karɓi buhu, shi ne ya ciyar da wanda ya miƙa masa buhun, da ubansa. Shekara hamsin yana noma kadada ɗaya ko biyu, ya aurar da 'ya'ya, ya fitar da zakka, bai taɓa karɓar albashi ba, ba shi da fansho. Yau a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Mutum ya sayi ransa ya je gona. Sannan a 2024 aka buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150, farashin hatsi ya yi ƙasa, na taki ya tsaya a sama, har aka kai inda buhun masara ba ya sayen buhun kamfa. Mu na birni mun ji sauƙi, ba zan yi ƙarya ba, amma a kan wuyan wa? Mutane da yawa sun bar masara sun koma dawa da gero da riɗi da waken suya, abin da ba ya cin taki sosai. Wanda ya jure duk wannan, abin da yake nema a wurin hukuma bai taka kara ya karya ba. A kawo abin a lokacinsa. In babu, a faɗa masa babu tun Afrilu, ya san inda dare ya yi masa, kada ya zauna jiran gawon shanu.

Taki ya kasance a shagon dila kafin ƙarshen Afrilu, da farashinsa a rubuce a jikin buhu maimakon hoton mutum. A liƙa sunayen waɗanda aka ba a ƙofar gidan dagaci da bangon masallacin Juma'a, mutanen gari su karanta, su sun san wa ke da gona wa ke da shagon caji. Kwamishinan da takinsa ya iso bayan Yuni ya koma gida ya huta. Ba a buƙatar bashin Bankin Duniya kafin a yi wannan. A Maputo, babban birnin Mozambik, tun 2003, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta ko kusa da shi. Ni na ma yafe kashi goman. Ɗan abin da aka ware ɗin, a sake shi a Fabarairu. Zaɓen 2027 dai na san ba za a makara da kayansa ba, atamfa da taliya za su iso kowace rumfa a kan kari, har da ƙauyen da aka ce mota ba ta shiga.

Af, tunda kaka ta ƙarato, masu wake don Allah ku ji. Ku daina zuba wa wake maganin ƙwari irin su Sniper kuna ɗaurewa a buhu. Wannan abu ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, kuma wanda Bature ya ƙi, mu ne muke yin ƙosai da alale da shi muna ba 'ya'yanmu. Akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, ana samunsa a kasuwannin hatsi. Ka shanya wake ya bushe ƙarau, ka duba ledar ba ta huje ba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro zai mutu da kansa ba tare da ɗigon magani ba. Ka ajiye shi a kan katako nesa da ɓera, kuma kada ka riƙa buɗewa kana leƙawa. Masu feshi kuma, robar maganin ciyawa in ta ƙare a huda ta a binne. Jiya na ga yaro da ita a rataye ya cika ta da kunu zai kai wa babansa gona.